Harshe da Zaɓen Fim: Sharhi a Kan Mangala, Sarauniya da Shaihu Umar

1. Gabatarwa

An daɗe ana jin wata magana a bakin ƴan boko na ƙasar nan, musamman malaman makaranta da ma'aikatan yaƙi da jahilci, cewa wai talaka bai iya zaɓen fim ba. Hujjarsu ita ce, in aka jera masa fim ɗin Indiya da wanda ɗan ƙasarsa ya yi, sai ya bi na Indiya, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji a cikinsa. Daga nan sai su yanke hukunci cewa rawa da waƙa ne kurum ke jansa, kuma jahilci ne ya kawo haka. Ni ma na yi shekaru ina faɗin wannan magana a gaban ɗalibai. Manufar wannan maƙala ita ce in janye ta, in kuma bayyana dalilin janyewar.

Ra'ayin da zan kare shi ne, Bahaushe yana zaɓen fim ɗin da zai iya mayarwa labari da bakinsa, kuma abin da ya iya bayarwa da bakinsa shi ne ke zauna masa a zuciya har tsufa. Idan haka ne, to, zaɓen fim magana ce ta harshe, ta kuma shafi aikinmu kai tsaye. Domin gwada wannan ra'ayi zan ɗauki finafinai uku da suka ratsa rayuwata: Mangala, wanda ya zo mana da harshen da ba namu ba, Sarauniya, wanda ya ɗauki labarinmu ya faɗe shi da harshen maƙwabta, da Shaihu Umar, wanda aka yi da Hausa tsantsa amma bai iso mana ba. Wani sashe na hujjata tunani ne na ƙuruciya a Maraɗi. Na kawo shi ne domin abokan aiki na Damagaram da Tawa da Yamai su auna shi da nasu.

2. Yadda ake zaɓe a ƙofar silima

Kafin a yi maganar zaɓen mai kallo, ya kamata a tuna cewa an riga an yi masa wani zaɓe tun daga nesa. Har zuwa farkon shekarun 1970, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne ke riƙe da rabon finafinai a kusan dukan ƙasashen Afirka da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Sukan sayo fim da araha, su zagaya da shi gari gari, kafin ya iso gare mu duk ya sha jiki, hoton yana yayyafi. Abin da suke kawowa iri kaɗan ne: na kaboyi, na Indiya, na Masar, na ƴan sanda, daga baya kuma na karate. Da ƙasar Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta karɓe gidajen silimarta a 1970, sai kamfanonin suka hana ta finafinai na wani lokaci.

A wannan zamani kuwa Nijar ba ta rasa masu yin fim ba. Mustafa Alasan ya fito da Aouré a 1962, da Le Retour d'un aventurier a 1966, inda ya yi wa samarinmu masu kwaikwayon kaboyi ba'a. An nuna Cabascabo na Umaru Ganda a Cannes a 1969, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Amma yaron da ke tsaye a ƙofar silima a Maraɗi ba safai yake ganin waɗannan a jikin allon talla ba. Saboda haka gwajin da ƴan boko ke kafa hujja da shi, wato jera fim ɗin gida da na waje a gaban talaka, da wuya ma a ce an taɓa yinsa da gaske.

Gidan silimar da na sani fili ne mai katanga, ba rufi, ana farawa bayan sallar lisha. Masu ƙaramin kuɗi suna gaba a kan benci, masu hali suna baya a kan kujeru. Mafi yawan masu shiga ba su iya karanta sunan fim ba, balle rubutun Faransanci da na Larabci da ke gudu a ƙasan hoto. Matakin farko na zaɓe shi ne duba hoton talla, wanda muke kira afish. Doki da malfa, kaboyi ke nan. Mace da ɗigo a goshi, Indu ke nan. Ƙato ba riga ya ɗaga ƙafa, Shinuwa ke nan. Jarumin fim muna ce masa aktar, babban mugu kuma shef-bandi, duka aro daga Faransanci. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano kuwa bos suke ce wa mugun, aro daga Ingilishi. Iyakar ƙasa ta ratsa har cikin kalmomin silima. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya kawo laƙabin da masu kallo suka sa wa ƴan wasan Indiya: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor shi ne Mace, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Wanda aka yi wa laƙabi, an riga an shigar da shi gari.

Mataki na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi, shi ne tambayar wanda ya gani. A unguwarmu akwai wani yaron tela da mukan yi wa karo-karo mu biya masa kuɗin shiga a daren farko. Kashegari da la'asar sai mu kewaye shi a gindin bedi, ya ba mu fim ɗin daga farko har ƙarshe. Yana yin muryar sarki, yana yin ta budurwa, yana yin sukuwar doki da tafin hannu a cinya. Ba ya jin Indiyanci, Faransancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba, amma duk maganar da aka yi a fim ɗin sai ya faɗa mana ita da Hausa, ba ya ko ɗar. In labarin ya yi daɗi a bakinsa, mu nemi kuɗi mu je. In ya ce, "Wannan ba shi da labari, surutu ne," to, fim ɗin ya mutu a unguwarmu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wajenmu ji ne ke kai mutum ga gani.

3. Mangala: baƙon da aka yi wa tafinta

Ainihin sunan wannan fim Aan. Mehboob Khan ne ya yi shi a 1952, yana kuma cikin finafinan Indiya na farko masu launi. Dilip Kumar ya fito a matsayin Jai, ɗan ƙauye mai zuciya. Nadira ita ce gimbiya mai girman kai. Prem Nath shi ne yarima azzalumi mai neman gadon sarauta ta kowace hanya. Nimmi kuma ita ce Mangala, ƴar ƙauyen da ke son Jai shi kuwa hankalinsa na kan gimbiya. Yarima ya sace Mangala, ta sha guba ta mutu don kada ya keta mata mutunci. Naushad ne ya tsara waƙoƙin. Faransawa da suka saye shi sai suka sa masa suna Mangala, fille des Indes, da wannan suna ya zagaya ƙasashenmu shekara da shekaru.

Na fara ganinsa wani daren Sallah a farkon shekarun 1970, yayana na riƙe da hannuna. Abin da nake so in jawo hankali a kai shi ne abin da ya faru bayan mun koma gida. Goggonmu, wadda ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, domin matan aure na gidanmu ba su zuwa, ta sa yayana ya ba ta labarin. Bayan kwana biyu na ji tana ba maƙwabtanta a wajen daka, ta ƙara masa abin da babu, ta sa wa uwar Mangala magana, ta sa wa yarima kirari. Har ta rasu tana kiran duk yarinyar da aka yi wa rashin adalci a soyayya da suna Mangala. Sunan ma bai yi wa kowa nauyi a baki ba, tun da muna da kalmar mangala ta jaki, yara har suna wasa da haɗuwar biyun.

Me ya sa wannan fim ya karɓi tafinta haka? Dalili na farko, kowane mutum a cikinsa yana da gurbi a tatsuniya da labarun gargajiya: ɗan talaka da ya fi ƴaƴan sarki jarunta, gimbiyar da ta raina maza, ɗan sarkin da ya ƙosa ubangidansa ya mutu, da yarinyar da ta zaɓi mutuwa a kan abin kunya. Dalili na biyu, Mehboob Khan ya ɗora ma'anar labarin a kan fuska da tufafi da aiki. Mugu ana ganin muguntarsa tun kafin ya buɗe baki. Magana a irin wannan fim rakiya ce kawai, saboda haka mai ba da labari yana da fili ya cire ta ya zuba tasa. Dalili na uku, waƙoƙin suna tsayar da labari su ba mai kallo damar ya tambayi na kusa da shi abin da ya wuce. Karin waƙar kuma shi ma yakan karɓi Hausa. An san yadda masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Annabi a kai.

Wannan bai sa Aan ya zama fim marar aibi ba. Da na sake kallonsa ina babba, na ga yadda Jai ya lanƙwasa gimbiya da ƙarfin tsiya, ya sace ta ya sa ta aikin ƙauye har ta sauko, fim ɗin kuma yana tafa masa. Na ga tsawon da ba shi da dalili, da mafarkin da aka cusa don a daɗa nuna Nimmi. Amma abin lura shi ne, goggona ba ta riƙe sashen lanƙwasa gimbiya ba, Mangala ta riƙe. Wato mai sauraro ya yi nasa sharhi, ya tace, ya ajiye abin da ya ga ya cancanta. Wanda ya iya wannan, bai kamata a ce bai iya zaɓe ba.

4. Sarauniya: labarin gida a bakin maƙwabta

A 1980 Abdulaye Mamani ya fito da littafinsa Sarraounia da Faransanci, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Wannan runduna ita ce ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni, kuma sojojinta ne da kansu suka kashe shugabannin nata biyu a watan Yuli na shekarar, a wajen Maijirgi cikin ƙasar Tasawa. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986. An shirya ɗaukarsa a Nijar, shirin bai yiwu ba, sai aka ɗauke shi a Burkina Faso a zamanin Thomas Sankara. Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

A wajen gwaninta, wannan fim ya fi Aan nesa ba kusa ba. Med Hondo ya san yadda ake cika faɗin allo da runduna, ya kuma nuna yadda ayarin Voulet ya riƙa ruɓewa daga ciki, tsoro na cin sojoji, girman kai na cin hafsoshi, har abin ya kai ga hauka. Rabin fim ɗin na biyu, inda Sarauniya ba ta cika fitowa ba amma sunanta kaɗai ke hana mayaƙa barci, yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a silimar Afirka a kan zuwan Nasara. Bai kuma ɓoye cewa wasu sarakunan ƙasar sun ƙi taimakonta ba, wasu ma sun bi baƙin.

Sai dai harsunan da aka gina fim ɗin a kansu Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Sarauniyar Lugu, wadda sarautarta ma kalmar Hausa ce, ba da Hausa take magana ba. A farkon shekarun 1990 na samo kasat ɗinsa a Yamai, na gayyaci wani kawuna, mutumin Arewa, wanda tun muna yara yake ba mu labarin Lugu kamar yadda ya ji a bakin kakanninsa. Na ɗauka zan faranta masa. Na zauna kusa da shi ina karanta rubutun Faransanci ina juya masa, ina tuntuɓe, domin rubutun ya fi bakina sauri. Da aka gama ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wannan mata jaruma ce, Allah ya sani. Amma ta wace ƙasa ce?" Bai sake tambayar kasat ɗin ba, ban kuma taɓa jin ya ba wani labarinsa ba.

Mai karatu zai ce, ai Mangala ma ba da Hausa take magana ba, don me ita ta shiga, Sarauniya ta tsaya a ƙofa? Amsa ta farko tana cikin ginin fim ɗin. Med Hondo ya ɗora ma'anarsa a kan magana: shawarar fada, gardamar malamai, jawabin Sarauniya ga mayaƙanta, muhawarar hafsoshi a cikin tanti. Wanda bai ji waɗannan ba ya rasa kashin bayan labarin, kuma yaron tela ba zai iya ƙaga su ba, don ba su da gurbi a tatsuniya. Hanyar shiga ɗaya ce, karatun Faransanci da sauri, wannan kuwa ta ƴan kaɗan ce. Amsa ta biyu, kawuna ba ya da wata Mangala tasa da zai gwada ta Mehboob Khan da ita, amma yana da tasa Sarauniya, da kirarinta da muryarta a kunnensa. Akwai kuma wani abu da tarihi ya ƙara: yawancin sojojin Voulet daga Sudan ta Faransa aka ɗebo su, wato Mali ta yau, inda Bambaranci ke da rinjaye, shi kuwa ɗan uwan Julanci ne na jini. Ga kunnen Ba'are, sai ya zamana Sarauniya tana magana da irin harshen waɗanda suka ƙone garinta. Wannan ba laifin ƴan wasan Burkina ba ne, sun yi aikinsu da gaskiya. Hasarar tamu ce, mu da muka bari aka yi fim ɗin a wani wuri, har ila yau kuma ba mu mayar da shi gida da murya ba.

5. Shaihu Umar: na gida da bai zo gida ba

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ne daga gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa domin bikin FESTAC na 1977 a Legas, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Tsawonsa minti 142. Daga nan fim ɗin ya ɓace wa jama'a, har aka gano faifansa na asali a 2016, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Na san littafin tun kafin fim. A farkon shekarun 1980, ina ƙaramin ma'aikacin yaƙi da jahilci a wani ƙauye, nakan karanta wa ɗalibaina manya shafi biyu ko uku a ƙarshen darasi, a hasken fitilar ƙwai. Labarin malami ne da almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su tarihinsa: haihuwarsa a Kagara, makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau mijin uwarsa, yadda aka sace shi yana yaro, yadda Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi ilimi, da yadda uwarsa ta fita nemansa ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai tana gab da mutuwa. A daren da muka kai wajen saduwar nan, wani dattijo ya ce in ba shi littafin ya taɓa. Ya juya shi a hannu, ya ce in nuna masa inda aka rubuta "uwa". Ban taɓa ganin abin da ya sa mutane son karatu kamar wannan labari ba. Hanyar ayarin da ke cikinsa, daga Kano zuwa Murzuk, ta ƙasarmu take ratsawa, kakannin wasu daga cikin ɗaliban sun bi ta.

Fim ɗin kuwa sai bayan gyaran 2018 na gan shi, a wani nuni da aka yi wa masu bincike ƴan kaɗan, furfura ta riga ta cika mini kai. Adamu Halilu ya bar gaisuwa ta yi tsawonta, ya bar fadanci da ladabin almajiri gaban malami su tafi a kan ƙa'idarsu, abin da fim ɗin Turawa zai yanke. Ga mai nazarin harshe wannan taska ce, domin an adana Hausar manya da lafazinta da shirunta. Rauninsa shi ne ya girmama littafin fiye da kima. Wurare da yawa ƴan wasa suna tsaye suna jiran juna kamar a dandamali, tafiyar labarin kuma tana da nauyi. Ya kuma gaji halin littafin na kallon bauta a matsayin ƙaddarar da ta faɗa wa mutanen kirki, ba tare da ya tuhumi tsarin da ya haife ta ba. Duk da haka ina zaune ina tunanin dattijon nan da goggona da kawuna, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan fim ba ya bukatar yaron tela, ba ya bukatar tafinta, da sun gan shi da sun haddace shi. Shekara arba'in yana kulle a ɗaki, bai sami laƙabi ba, ba a ba da labarinsa a gindin bedi ba. Ba a zaɓen abin da ba a kawo kasuwa ba.

6. Daga kasat zuwa wayar hannu

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kasat ɗin bidiyo. Kafin shekara goma, da fitowar irin su Sangaya a 1999, finafinan Kano sun cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, muka sa musu suna dandalin soyayya. Hotonsu bai kai na Indiya kyau ba, sautinsu ma haka, amma jama'a suka rungume su, musamman matan aure, waɗanda kasat ya kai wa silima har ɗaka. Da rawa da launi ne kaɗai abin nema, da ba a bar na Bombay an koma wa na Kano ba.

A shekarun 2010 kuma sai ga fassarar Indiya-Hausa, wadda ɗakunan ɗaukar murya irin su Algaita a Kano suka shahara da ita, yawanci a kan finafinan kudancin Indiya. Wannan aikin yaron telan nan ne aka shigar cikin na'ura. Masu fassarar sukan sake wa fim suna, su sa wa ƴan wasa laƙabi, su zuba karin magana da ba'a inda babu su a asali. Ƙarfinsu shi ne Hausarsu tana da rai. Rauninsu shi ne yawan cusa kalmomin Ingilishi da sara irin ta samarin birni, har yaran Tasawa da Madawa suna ɗauka ita ce daidaitacciyar Hausa. Ya kamata kuma a ambaci Zin'naariya na Rahmatu Keita, na 2016, wanda labarinsa ke gudana a masarautar Damagaram, aka kuma bar mutanen ciki suna magana da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci kamar yadda ake yi a ƙasar nan.

7. Abin da ya shafi yaƙi da jahilci

Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 muke gyaran ƙa'idojin rubutu, tun makarantar gwaji ta Damagaram ta 1973 muke koyar da yara da Hausa. Matsalar da ba ta bar mu ba ita ce, wanda ya koyi karatu ba ya samun abin karantawa da ransa ke so, sai ya manta. Ga shi kuwa kullum idonsa na kan allo. Finafinan Kano da yawa suna ɗauke da rubutu a ƙasan hoto, amma da Ingilishi; sunayensu kuma sau da yawa ana rubuta su ba ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ. A Indiya, Brij Kothari ya gwada wata dabara tun daga ƙarshen shekarun 1990: a rubuta baitocin waƙar fim a ƙasan hoto da harshen da ake rera ta, a gidan talabijin na Doordarshan, domin mai ƙaramin karatu ya bi da ido abin da bakinsa ya riga ya sani. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, nauyin da ke kanmu ya ƙaru. Ga shawarwari huɗu.

(a) A gwada rubutun Hausa a ƙasan waƙoƙin finafinan Hausa a gidajen talabijin na ƙasa, da ƙa'idar rubutu ta hukuma, a kuma auna sakamakon a cibiyoyin yaƙi da jahilci kaɗan kafin a faɗaɗa.

(b) A nemi izinin masu haƙƙi a juya Sarauniya da murya zuwa Hausar Arewa, da ƴan wasan ƙasar. Haka kuma a juya finafinan Umaru Ganda zuwa Hausa, a juya Shaihu Umar zuwa Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, domin abin da kawuna ya ji, Bazabarme ma yana jin irinsa.

(c) A nemi hanyar nuna Shaihu Umar a cibiyoyi da makarantu, tare da littafin a hannu, a karanta babi a kalli sashensa.

(d) A ɗauki muryar dattawan da suka yi zamanin silimar fili suna ba da labarin finafinan da suka fi so, a rubuta, a tattara kalmomin aro da laƙabobi. Wannan reshe ne na adabin baka da ba mu kula da shi ba, masu shi kuma suna ƙarewa. Rubutattun labaran su kansu za su yi amfani a matsayin littattafan karatu na bayan koyo.

8. Kammalawa

Mun ga fim ɗin da ya zo da baƙon harshe jama'a suka yi masa tafinta don gininsa ya ba da fili, da wanda ya ɗauki tarihinmu ya kulle shi a bayan karatun Faransanci, da wanda ya yi magana da harshenmu aka kulle shi a ɗaki. A cikin ukun babu inda laifin ya faɗa kan mai kallo. Talakan da muka ce bai iya zaɓe ba ya yi aikin fassara da sharhi shekara da shekaru ba tare da alƙalami ba, mu kuwa masu alƙalami muna gefe muna yi masa dariya. Ina roƙon abokan aiki da suka yi ƙuruciya a Damagaram, Tawa, Ƙonni ko Dogon Dutsi su rubuto wa wannan mujalla yadda ake zaɓen fim a garinsu, da kalmomin da ake amfani da su, ko sun dace da nawa ko sun saɓa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace.